Kin Ci Bak, Kina Son Sikoloji: Wane Reshe Za Ki Kama?

Ɗiyar ƙanwata ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, bana a Tahoua, ta kira ni ta ce: "Kawu, sikoloji nake so, amma a gida an ce karatun mahaukata ne." Amsar da na ba ta ce nake rubutawa a nan, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

A fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Likitan taɓin hankali cikakken likita ne, ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Mai ilimin halayyar ɗan Adam, wato sikoloji, aikinsa sauraro ne da gwaji da shawara. In farar riga da rubuta magani ke ranki, tsangayar kiwon lafiya za ki nufa, ita kuwa bak ɗin kimiyya take so.

Sikoloji ɗin kansa ana karanta shi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ƙetaren Gadar Kennedy, a tsangayar adabi da ilimin ɗan Adam. Lisans shekara 3, mastar shekara 2, dokta 3. Wanda ya gudo nan don ya tsere wa lissafi zai sha mamaki, domin tun 1879 da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus, fannin nan na awo ne da ƙididdiga, ga kuma darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Sannan ki sa a ranki, lisans share fage ne kawai. A mastar ake kama reshe.

Reshen da ya fi jan matasa shi ne na jinya, wanda ɗalibai ke cewa kilinik. Bukatarsa a ƙasarmu ba a ɓoye take ba: matasan da tramol ya kama, matan da damuwa ta danne bayan haihuwa, mutanen Diffa da Tillaberi da suka baro gidajensu da abin da idonsu ya gani. Sai dai shi ya fi tsada, a lokaci da kuma a zuciya. Dole mastar, dole koyon aiki na watanni a gaban majinyata, kamar a sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai. Akwai kuma abin da aji ba zai ba ki ba. Littattafan da Faransanci suke, majinyaci kuwa da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci zai yi miki kuka. Yawancin iyalai sai sun je wurin malam an yi rubutu da tofi kafin su iso gare ki, suna maganar iska ko sammu. In kika raina wannan, ba za su dawo ba. Wanda ba ya iya zama sa'a guda yana sauraron baƙin cikin wani ba tare da ya katse shi da wa'azi ba, ya bar reshen nan.

Na biyu shi ne na yara da tarbiyya, kuma ban ɓoye mata ba, shi na fi so. A nan za ki haɗu da Jean Piaget na Suwizalan da matakai 4 na girman tunanin yaro, da gwajin basira da Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar a Faransa a 1905 don gano yaran da ke bukatar taimako a makaranta. Ki tuna yaron da ya tashi da Hausa a gida, aka kai shi lakwal aka fara masa da Faransanci, ya yi shiru, aka ce daƙiƙi ne. Wataƙila kunnensa ne, wataƙila yunwa, wataƙila harshen ne bai kama ba. Gano bambancin nan aikinki ne. Ga 'yar Tahoua kuma akwai rangwame: jami'ar garin tana da tsangayar ilimin tarbiyya. Takardarta ba ta sikoloji zalla ba ce, amma ana koyon halayyar yaro, kuma kina kwana gidanku. Yamai ta wuce kilomita 500, ga kuɗin haya, ga na abinci, ga na motar faba-faba kullum.

Akwai reshen zamantakewa da na ma'aikata. Masu shi sukan samu aiki a ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko ofishin ɗaukar ma'aikata na bankuna da kamfanonin waya. Albashin ƙungiya ya fi tsoka, amma kwantiragi ne, ranar da shirin ya ƙare aikin ya ƙare. Ɗan Ingilishi yana taimakawa sosai a nan. Bincike da koyarwa a jami'a kuwa sai mai niyyar kaiwa dokta.

Na tambaye ta abu biyu: shekara nawa gida zai iya ɗaukar nauyinta, kuma wa take son gani a gabanta kowace safiya, majinyaci, yaro, ko ma'aikaci? Ta ce yaro, babanta kuma ya ce shekara 3 yake da tabbacinsu. Na ce to ta fara leƙa tsangayar tarbiyya ta Tahoua, ta nemi ɗaliban shekara ta 3 ta tambaye su inda suka yi koyon aiki da abin da 'yan gabansu ke yi yanzu, kafin ta cika takardun shiga.