Rawutar TP-Link Archer C6 bayan wata uku a shagona

Ni dai shagon kwamfuta nake da shi a wata filaza a Kano, muna firintin da cike fom a intanet, kuma kusan kowane shago a layinmu yana da MiFi ko rawuta tasa. In ka buɗe waifai a wayarka sunaye ne za su zubo maka jere har sai ka ja ƙasa. Da can kullum sabis nake zagi, ashe rabin matsalar a cikin filazar take.

Na sayi rawutar Archer C6 ne, wato na'urar raba waifai, saboda tana aiki a zangon waifai biyu, 2.4GHz da 5GHz. Eriya huɗu gare ta, da ramin kebul huɗu na gigabit banda wanda intanet ke shigowa ta cikinsa. Amma fa a lura, ba a sa mata sim, dole sai kana da modem ko wata rawutar sim da za ka jona mata da kebul. Kuma ba ta da batir, ana ɗauke wuta ta mutu, ni sai da na haɗa ta da inbata.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne maganar canel, wato hanyar iska da waifai ke bi wajen aika saƙo. Waifai kamar famfo ɗaya ne a unguwa, kowa da jarkarsa, ba a tara biyu lokaci guda. Duk na'urar da za ta aika saƙo sai ta fara saurarawa, in ta ji wani yana magana a canel ɗin ta dakata, ta jira ɗan lokaci sannan ta sake gwadawa, to ka ƙaddara shaguna goma duk a canel ɗaya kowa da wayoyin kwastomominsa, ai layi ne kawai, kai kuma kana ganin sandunan waifai a cike kana mamakin me ya sa shafi ya ƙi buɗewa. Har tsohuwar waya mai jan jiki tana cinye lokacin kowa, kamar mai kura ne ya shigo layin da jarka goma sha biyu.

A 2.4GHz canel uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Na sauke manhajar duba waifai a waya na ga maƙwabtana sun taru a 6 da 11, sai na shiga 192.168.0.1, wato shafin saitin rawutar, na cire ta daga otomatik na kafe ta a 1, faɗin canel ɗin kuma 20MHz. Da farko wayo na so yi na sa 3 tunda ba kowa a can, wallahi abin ya fi lalacewa, don 3 tana taɓa 1 tana taɓa 6, ba ta bin layin kowa sai dai hayaniya ta kowane gefe. Gara ma ku haɗu a canel ɗaya ku riƙa yin bi da bi.

5GHz kuwa fili ne fetal a wajenmu, can na kai laftof biyun da muke aiki da su. A kwali an rubuta gudun 867Mbps, wannan tsakaninka da rawutar ne kawai, ba za ta ƙara wa datarka gudu ba, abin da kamfanin layinka ya ba ka shi za ka samu. Kuma 5GHz ba ta son bango, ina zagayawa bayan shago wajen alwala take raguwa, haka yanayinta yake a kowace rawuta.

Babbar kwamfutar da firinta kam kebul na ja musu, ba ruwansu da rabon iska. Manhajar Tether ta TP-Link ma ta yi min, daga waya nake ganin wa ya hau, na buɗe wa kwastoma waifan baƙi daban da fasuwod ɗinsa. Yaron shagon kusa da ni da ya saba kallon ƙwallo da datata tuni na toshe shi, har yau bai tambaye ni ba nima ban ce masa komai ba.