Sharhi kan Aflasafe, shuɗiyar dawar da ake watsawa a gonar masara

Na yi amfani da Aflasafe a daminar da ta wuce, a gonar masarata da ke wajen Rigachikun, kuma bana ma zan sake saye in Allah ya kai mu. Sai dai mai saye ya san abin da yake saye. Ba ya ƙara yawan buhuna. Aikinsa guda ne, rage gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a cikin masara da gyaɗa.

In ka buɗe buhun, ƙwayar dawa za ka tarar an rina ta shuɗi. An gasa ta don kada ta tsiro, aka shafe ta da irin wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus. A nan mutane ke ja da baya, domin ita ce dai fumfunar da ke haifar da gubar. Dattijon da muke iyaka da shi ya gan ni ina watsawa, ya ce, "Ɗana, cuta kake shukawa da hannunka?" Na ce, "Baba, danginta ne, amma marasa dafi." Haka abin yake. A cikin jinsin akwai masu yin guba, akwai waɗanda ba sa yi. Masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, su suka zaɓo iri 4 marasa guba daga cikin na ƙasarmu. In waɗannan suka riga shiga gona, sai su mamaye wuri su cinye abinci, masu gubar su rasa gurbi.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da na gani da na durƙusa a gindin masara bayan 'yan kwanaki. Ƙwayoyin sun jiƙa sun kumbura, wani gari kore mai ratsin rawaya ya lulluɓe su, ka taɓa da tsinke ya tashi kamar ƙura. Wannan garin shi ne irin fumfunar, iska da ƙwari ke kai shi kan masara. Fumfuna ba tsiro ba ce, ba ta haɗa abinci da hasken rana. Zaruruwa sirara take miƙawa cikin abin da ta samu, ta narkar da shi, ta tsotse. Danginta yawa gare su, waɗanda masana suka ba suna sun kai kimanin 150,000. A cikinsu akwai yis ɗin burodi, da naman kazar da ke fitowa kan suri da damina, wanda gara ce ke nomansa a gidanta, da burtuntunar dawa, da makeron kan yara. Daga wata fumfuna aka gano penisilin a 1928. Su ne kuma ke ruɓar da kara da ganye su koma taki.

Dalilina na damuwa da wannan guba shi ne dafuwa ba ta kashe ta. Tana cikin tuwo, tana cikin koko, ba ɗanɗano ba wari. Tana kawo kansar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya. Tun farko ma an gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sanadin abincin gyaɗa. Ni da ke da yara a gida da kaji a keji, ba zan ji wannan in yi shiru ba.

Ana watsa Aflasafe kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta fid da fure, ƙasa na da danshi, ba a binne shi, ba a kuma bin sa da feshin maganin fumfuna. Mai shagon da ya sayar mini bai faɗa mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wajen malamin gona na ji. Kajin maƙwabta da tururuwa ma sun kwashi rabonsu a bakin gona, don haka wanda gonarsa ke kusa da gidaje ya sa ido.

Sakamakon ba ya ganuwa da ido. Sai da mai haɗa abincin kaji da nake kai wa ya niƙa samfur ya gwada, ya karɓi kayana ba gardama. A kasuwa kuwa, ko a Saminaka ko a Kawo, kuɗin mudu ɗaya ne da na wanda bai watsa komai ba, kuma wannan yana mini ciwo. Ribar tana ga mai ci daga rumbunsa da mai sayar wa kamfanin da ke gwaji. Shanya ma tana nan daram: a kan tamfol, ba a ƙasa ko bakin kwalta ba, sai ƙwaya ta bushe ƙamas kafin ta shiga buhu. Bana zan haɗa har da gyaɗa.