Faifan garmaho ko dijital: wanne ya fi ingancin sauti a gida?

Ɗan'uwa, ka ce ka saurari waƙa ɗaya a faifan garmaho da kuma a wayarka ta sifika guda, ka ji ta faifan ta fi ratsa ka, shi ne kake tambaya ko faifan ya fi dijital inganci. Kunnenka bai yaudare ka ba, sai dai ina da ja a kan inda ka ɗora dalilin.

In dai maganar wanda ya fi kawo sauti yadda aka ɗauke shi a situdiyo ake yi, dijital ne a gaba. CD ɗin da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a sakan ɗaya, wanda ya isa ya kama duk abin da kunnen mutum ke iya ji. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi a CD ta kai kusan desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Faifan garmaho da ƙyar yake kai 70, ƙasa da haka sai shuuu da ƙas-ƙas na ƙura.

Shi faifan, allura ce ke bin tsagi, ita kuwa tana da iyakarta. Bes mai nauyi, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga, na iya tunkuɗe ta daga tsagin, shi ya sa ake rage shi lokacin yanka faifan, amfilifayarka ta mayar da shi bisa tsarin da RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifan kiɗa ta Amurka, ta kafa a 1954. Ga wani abu da za ka gwada yau: kasa kunne ga waƙar ƙarshe a gefen faifai. Juyin bai canza ba, 33 da sulusi a minti, amma da allura ta kusanci tsakiya da'irar ta ƙanƙance, sai ka ji "s" ɗin mawaƙi yana ƙarce kunne.

To daga ina daɗin? Ɗan gurɓatar da faifan ke yi wa sauti yana tausasa shi, mutane da yawa na son hakan, har da ni. Amma babban dalili gyaran ƙarshe ne na situdiyo. Tun shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna matse waƙoƙin dijital har ganga da murya su zama ƙarfi ɗaya. Sau da yawa faifan garmaho kan samu nasa gyaran daban, mai sarari. Ka ga aikin injiniya biyu kake kwatantawa. Kuma faifai da dama na yanzu daga fayil ɗin dijital aka yanko su.

In za ka yi gwajin adalci, ajiye MP3 da Bluetooth, masu zubar da wani ɓangare na sautin, samo CD ko FLAC, wato fayil ɗin dijital da ba ya zubar da komai. Daidaita ƙarar duka biyun sosai, domin wanda ya ɗara ƙara ko da desibel ɗaya ne sai kunne ya ce ya fi daɗi. Sa wani ya riƙa sauya maka kana juya baya, kuma a tsakiyar kiɗa mai ƙarfi, in ba haka ba ƙas-ƙas ɗin farkon faifai zai tona asiri. Kafin ka fara, janye sifikun daga bango kaɗan, ka goge ƙurar da ke bakin allurar.