Hattara da masu tallar tocila mai "lumen 100,000" a intanet

Jama'a, duk mai fita da karensa da daddare, ko mai wata hidima da ke sa shi tafiya cikin duhu, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani kuɗinsa. Akwai masu talla a intanet da suka mayar da tocila hanyar damfara. Ni ma sun same ni, kuma asarar kuɗin ita ce mafi sauƙi a cikin abin da ya faru.

Ni sai gari ya yi tsit nake samun sukunin fita da karena ya miƙe ƙafa. Tsohuwar tocilata ta fara mutuwa da kanta, ina cikin neman wata sai ga wani bidiyo ya yi ta biyo ni a waya. Mutum ne tsaye a fili, duhu ko tafin hannu ba a gani, ya danna maɓalli, nan take wurin ya koma kamar rana tsaka. An rubuta ƙarfin haskenta lumen 100,000, wai irin ta sojoji ce, wai haskenta na kai kilomita biyu, batirinta kuma 9900mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa). A gefe ga agogo yana ƙirga baya, wai saura minti goma sha biyar rangwame ya ƙare, kaya kuma saura bakwai. Na biya.

Da ta iso, a ido ba laifi. Daren farko ta yi haske daidai gwargwado, ko kusa ba irin na bidiyo ba, amma na ce a yi haƙuri. A dare na uku muna dawowa, daidai inda babu fitilar titi, sai hasken ya fara dusashewa, kafin mu yi taku hamsin ta ɗauke gaba ɗaya, alhali da yamma na cika mata caji. Karen ya ji motsin wani abu a cikin ciyawa ya fizgi igiya, na jefa ƙafa cikin rami na gurɗe. Haka muka lallaɓo gida a gefen hanya, motoci na wucewa ba mai ganinmu. Na sa batirin a cajar da suka haɗo da ita. Bayan kamar awa guda sai na ji ƙaurin roba. Ko da na taɓa batirin sai da na janye hannu, ledar jikinsa ta tattare, bakin cajar ya fara narkewa. A kan tebur yake kusa da labule. Da barci ya ɗauke ni a daren nan, Allah kaɗai ya san labarin da za a bayar.

Tun daga nan na zauna na bi diddigin abin, kuma ƙaryar tasu ba ta buƙatar injiniya kafin a gano ta. Lissafi ne kawai.

Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Kwan fitila irin na da mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800. Kwan halojin na fitilar gaban mota yana tsakanin 1,000 da 1,600 ko kusa da haka. To mai tallar nan yana ce maka abin da za ka sa a aljihu ya fi kwan gaban mota sittin haske. Kwan LED fari mai kyau, idan ana aiki da shi sosai, yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya na lantarki. Ke nan kafin a samu 100,000 sai an ja kusan wat 670, kamar ka kunna tsofaffin ƙwayayen wat 60 guda goma sha ɗaya a tare. Batirin da ke cikin irin waɗannan tociloli, ko da na asali ne mafi inganci, duk ƙarfin da yake riƙewa bai kai wat 13 na tsawon awa ɗaya ba. Da irin wannan ja, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu zai ƙare, in ma har zai iya bayarwa, kuma ba zai iya ba. Zafin kaɗai ya isa ya ƙona hannu.

Ana yin tocila mai lumen 100,000 ta gaske, kada wani ya ce na ce babu. Imalent MS18 ɗaya ce daga ciki: kwan LED goma sha takwas gare ta, manyan batura takwas, da fankar sanyaya ta, nauyinta kusan kilo biyu, kuma duk da haka ba ta daɗewa a kan wannan haske sai ta sauko saboda zafi. Ita kuwa wadda ake tallar, kwai ɗaya ne tal a cikinta. Sau da yawa za ka ga an rubuta T6 a jiki, ana nufin kwan XM-L na kamfanin Cree. Shi ɗin na asali, idan an matsa masa iyakar matsawa, lumen 1,000 da 'yan kai yake bayarwa. Wanda suke sakawa kuma galibi kwaikwayo ne da bai kai nan ba. Shi kuwa hasken da ka gani a bidiyo aikin kyamara ne, ko wata babbar fitila da aka ɓoye bayan mai ɗauka.

Amma batirin nan shi ne ya sa na ɗauki waya na yi wannan rubutu. Sunansa 18650, saboda kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Kamfanonin da suka san aikinsa, irin su Panasonic da Samsung da LG da Murata, mafi girman abin da suka saba cusawa a cikin wannan jiki kusan 3500mAh ne. Don haka duk 18650 da ka gani an rubuta masa 6000 ko 8800 ko 9900, jabu ne, ba sai ka gwada ba. Na asali nauyinsa giram 45 zuwa 50. Nawa da ya huce na ɗora shi a kan ɗan sikeli, bai kai giram 30 ba. Irin waɗannan, wani ƙaramin batir ne ake sakawa a cikin babban gwangwani a cike sauran wurin da gari ko yashi, wani kuma tsohon batir ne da aka ciro daga mataccen kwamfuta aka sake masa riga. Wanda ya yi maka ƙarya a kan lamba ba zai kashe kuɗi ya sa maka kariya a ciki ba. Batirin litiyom irin wannan ba ya son caji ya wuce bolt 4.2, caja ta gari tana yankewa da kanta idan ya kai nan. Wadda suke haɗowa da ita wani lokaci ba ta yankewa, tana ta ɗura masa wuta har ya yi zafi, zafin ya haifi wani zafin, ya kumbura, ya fashe da wuta. Wutar litiyom kuwa ba ta kasuwa da sauƙi, hayaƙinta ma guba ne.

Da na nemi su mayar mini da kuɗina sai aka shiga yi mini yawo da hankali. Kwana huɗu shiru. Sai saƙo ya zo cike da romon baka, wai in riƙe kayan su mayar mini da ɗan wani kaso. Na ƙi. Sai suka ce to in aika musu da ita wani adireshi a wata ƙasa mai nisa da kuɗina, alhali kuɗin aikawar ya fi na tocilar. Da gangan suke tsara shi haka don mutum ya gaji ya bari. Na koma shafin, agogon nan yana nan yana ƙirga minti goma sha biyar ɗinsa, kaya har yanzu saura bakwai. Masu yabon kayan a ƙasa duk bakinsu ɗaya, hotunansu kamar daga wuri ɗaya aka kwaso. Wani abin kuma da ya kamata a duba: a wasu shafukan akwai ɗan akwati da aka riga aka sa wa alama a wurin biya, wanda ke ba su izinin cirar kuɗi daga katinka kowane wata da sunan garanti ko zama mamba. Wanda ya riga ya biya ya duba bayanan asusunsa yau, ya ɗauki hoton tallar da rasit da duk saƙonnin da suka yi, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, don irin wannan ƙorafi yana da wa'adi.

Abin takaicin shi ne mai yawo da kare ko kusa ba ya buƙatar wannan lamba da suke ruɗar mu da ita. Lumen 100 zuwa 300 sun isa ka ga inda kake takawa, ka ga abin da karen ke shinshina kafin ya kai baki, fasasshiyar kwalba ce ko maciji, direba kuma ya hango ku. Idan tana da matakin 500 zuwa 1,000 don leƙa nesa na ɗan lokaci, ta gama biya. Haske mai faɗi ya fi mai tsini amfani. Tocilolin nan masu kai da ake ja gaba da baya, idan ka matse hasken sai ka ga ɗan murabba'i a jikin bango, kaso mai yawa na hasken ya maƙale a ciki, ruwa kuma ta wannan gaɓar yake shiga. Hannunka ɗaya na kan igiya, saboda haka maɓallin ya zama wanda babban yatsa zai danna ba tare da lalube ba, kuma ka guji wadda sai ka bi ta kan walƙiya mai ƙyaftawa kafin ta mutu, tana firgita kare ta kashe wa masu tahowa ido. Ni yanzu ta goshi nake sawa, hannayena biyu a sake lokacin kwashe kashinsa, sai dai ina sunkuyar da ita idan ya waigo. Idon kare yana da wani shimfiɗi a can baya da ke mayar da haske, shi ya sa yake ƙyalli da daddare kuma ya fi mu gani a duhu, haske mai ƙarfi kai tsaye yana damunsa.

A jikin kwalin tocilar kirki ka nemi alamar ANSI FL1. Ƙa'idar gwaji ce da aka fitar a Amurka a 2009. A ƙarƙashinta ana auna lumen ne bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, ana ƙirga daɗewar batir har zuwa lokacin da haske ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na farko, nisan haske kuma ana tsayar da shi inda ya koma kamar farin wata na daren sha huɗu. Su kamfanonin ne ke gwada kayansu da kansu, don haka maƙaryaci na iya buga alamar shi ma. Amma mai gaskiya zai rubuta maka lumen da awannin kowane mataki dabam, ya faɗi sunan kwan da ke ciki, ya ba da adireshin da za a same shi. Na ruwa kuma lamba yake da ita: IPX4 tana jure yayyafi da fantsama, IPX7 tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Wanda ya rubuta "ba ta shan ruwa" kawai bai ce komai ba.

Wanda yake da irin batirin nan a gida yanzu, ya cire shi daga caja. Kada ya huda shi ko ya yanka don ganin abin da ke ciki, kada ya jefa shi wuta ko cikin shara. Ya manna salatif a bakinsa biyu, ya ajiye shi nesa da abin da ke kamawa, ya kai inda ake karɓar tsofaffin batura. Shekaran jiya na sake ganin bidiyon nan, mutumin dai shi ne, filin shi ne, sai sunan kanti da suka canza, lambar kuma ta koma 250,000. Na danna rahoto, ku ma idan ya biyo ta wayarku ku danna.