Alaimen na Taya Huɗu: Yadda Wani Gareji a Abuja Ya Daidaita Mini Subaru Forester

Motata Subaru Forester ce ƙirar 2010, kuma aikina yana kai ni Jos daga Abuja ta Keffi da Akwanga kusan duk bayan mako biyu. Wanda ya saba bin hawan Kibo ya san cewa a irin waɗancan kwanonin ne mota ke tona asirin ƙafafunta. Bayan damina ta ɗauke na lura da abu biyu: sitiyari yana zama a ɗan karkace ko da motar tana tafiya a miƙe, sannan gefen ciki na tayar baya ta dama ya cinye, har idan na shafa shi da tafin hannu ina jin kaifi kamar haƙoran zarto. Sau biyu na kai ta wurin masu alaimen na bakin titi, wato masu daidaita fuskar tayoyi, suka murɗa tayarod na gaba, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, suka ce ta yi, amma cin tayar bai tsaya ba.

Dalilin yana cikin ginin motar. Subaru, wadda ta fara ƙera ƙananan motoci masu ja da taya huɗu tun 1972 da samfurin Leone, tana raba ƙarfin injin ga tayoyin gaba da na baya a kowane lokaci, saboda haka tayoyin baya su ma tunkuɗa suke yi, kuma inda suka fuskanta nan motar za ta nufa. Idan bayan ya kauce, gyaran gaba kaɗai rufe ciwo ne da tsumma, domin direba zai ci gaba da riƙe sitiyari a karkace yana rama kuskuren da ke bayansa. Wannan ne ya sa na nemi garejin da ke auna tayoyi huɗu da na'ura, wanda wani abokin aikina ya kwatanta mini.

Abin da ya fara burge ni shi ne babban makaniken bai yi gaggawar ɗora motar a kan na'ura ba. Ya ɗaga ta, ya riƙe kowace taya ya girgiza ta sama da ƙasa, hagu da dama, sannan ya sa dogon ƙarfe yana taɓa robobin bushin ɗaya bayan ɗaya da tocila a hannunsa. A baya ya samu bushin da ya tsage, ya kuma nuna mini man da ya jiƙe jikin shokabzoba ta dama, ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Ya ce mini, "Alhaji, idan na ɗaure ta a kan wannan bushin, kafin ka kai Keffi ma'aunin ya gudu, ka yi asarar kuɗinka." Aka canza bushin, aka canza shokabzoba biyun baya tare, domin sabuwa da tsohuwa ba sa danne mota daidai. Na kuma ga bai ƙarasa ɗaure notocin bushin ba sai da aka sauke motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyinta, kuma haka ya kamata, domin robar da aka ɗaure motar na rataye tana zama a murɗe, ba ta daɗewa take yagewa.

Daga nan ya ɗauko tef ya zagaye kowace taya ya auna. Tayoyina lamba 215/65R16 ne duka, amma ɗaya sabuwa ce da na saya bayan ƙusa ta lalata tsohuwar, ukun kuma sun sha tafiya. Ƙa'idar da aka sani ga motocin Subaru ita ce kada bambancin kewayen tayoyi ya wuce rubu'in inci, wato kimanin milimita 6, domin ƙaramar taya ta fi babba saurin juyawa, kuma kulocin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya a cikin giyabos shi ke shan wahalar wannan bambancin har ya yi zafi ya lalace. Nawa sun wuce ƙa'idar, sai ya ba ni shawarar in canza tayoyi. Sayen tayoyi ya taɓa mini aljihu ƙwarai, amma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin giyabos na Forester zai gane cewa shawarar mai sauƙi ce ya ba ni.

Sai bayan duk wannan aka maƙala allunan awo a jikin tayoyin huɗu, kyamarorin na'urar suka karanta su, lambobi suka fito a fuskar kwamfuta, ja ga abin da ya kauce, kore ga abin da ke daidai. Ya fara da baya, ya miƙar da fuskar tayoyin biyu har suka bi tsakiyar motar, sannan ya kulle sitiyari a tsakiya ya koma gaba. A nan na gaya masa cewa ina son motar ta ƙara kama ƙasa a kwana. Ƙafar gaba ta Forester tana da noti na musamman da ake juyawa a canza kamba, wato jinginar taya ciki ko waje idan aka dube ta daga gaba. Ya jingina saman tayoyin ciki da kimanin rabin digiri, duka ɓangarorin daidai wa daida, ya bayyana mini cewa idan mota ta kwanta a kwana tayar waje za ta zauna da faɗinta a kan kwalta, amma idan aka zarce haka gefen ciki zai riƙa cinyewa a doguwar hanya. Fuskar tayoyin gaba kuwa a miƙe ya bar ta, ba ta tsuke ba, ba ta buɗe ba. Na ji daɗin cewa bai bi son raina a makance ba, sai da ya tambaye ni irin hanyar da nake bi da yawan kayan da nake ɗauka.

Wurin yana da nasa gazawar, kuma wajibi ne in faɗa. Kambar baya a wannan ƙirar ba ta da abin gyara daga kamfani, sai an sa ƙarin ƙarfe na musamman, su kuma ba sa ajiye shi, don haka aka bar ɗan bambancin da ke tsakanin dama da hagu, ko da yake yana cikin kore. Na isa da ƙarfe 9 na safe, ban fita ba sai bayan la'asar, domin na'ura ɗaya ce kuma an ɗauke wuta aka jira janareta. Firintarsu ba ta aiki, sai hoton lambobin na ɗauka da waya, alhali takardar awo ta kafin gyara da ta bayansa haƙƙin mai mota ce. Gwajin tuƙi ma sai da na nema aka yi. Kuɗin awon ya kusa ninka na bakin titi sau uku.

Mako guda bayan haka na bi hanyar Jos. Sitiyari ya zauna a tsakiya tun daga Keffi, a hawan Kibo kuma gaban motar yana shiga kwana da zarar na juya, bayan yana biye da shi ba tare da lilon da na saba ji ba. Makaniken ya ce in dawo bayan kilomita 10,000 a sauya wa tayoyin wuri a sake awo, ko kafin haka idan na faɗa babban rami. Da na isa Jos na durƙusa na shafa gefen ciki na tayar baya ta dama, na ji shi sumul.