Hoton Night Watch na Rembrandt da Rijksmuseum suka ɗora a intanet, ya cancanci datarka?

Masu koyon zane da fenti, dan Allah in baku taɓa buɗe katafaren hoton zanen Night Watch (wato Sintirin Dare) da gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam ya ɗora a shafinsa ba to ku nema, kyauta ne. A Janairun 2022 suka sake shi, gigafiksel 717 (wato ɗigon hoto biliyan 717), hotuna 8,439 aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya sannan aka haɗe su suka zama guda, shi yasa duk yadda ka zuƙo shi ba ya dishewa, sai dai ka fara ganin tsagar fenti da sawun burushi.

Rembrandt, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, ya gama zanen ne a 1642, ƴan bindigar tsaron gari ne suka ba shi aikin, kuma maimakon ya jera su kamar hoton makaranta sai ya zana su suna shirin fita, wannan na ɗura bindiga wancan na buga ganga kare na haushi. Ba dare ba ne ma a ciki, banish ne, wato man ƙyalli da ake shafa wa zane, ya yi duhu da shekaru har mutane suka ɗauka dare ne.

Inda na fi daɗewa shi ne rigar laftanar Willem van Ruytenburch, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Daga nesa sai ka rantse surfani ne na zinare an yi shi zare-zare, amma kana zuƙowa wallahi babu zare ko ɗaya, fenti ne kawai ya dangwala da kauri ya bar shi tudu-tudu, haske ke faɗawa kai ya ƙarasa aikin. Ga kuma inuwar hannun kyaftin Frans Banninck Cocq da ta sauka a kan rigar daidai wajen tambarin Amsterdam, ita kaɗai ta isa ta nuna maka ta ina haske ya shigo da tazarar da ke tsakanin mutanen biyu. Sai yarinyar nan mai haske a baya, ku duba ɗamararta, kaza ce rataye ƙafafu a sama, faratan alama ce ta ƙungiyar ƴan bindigar. Har sawun yankan wuƙar da wani ya yi wa zanen a 1975 ana iya ganowa in mutum ya yi haƙuri.

To amma fa akwai abin da sikirin ba zai ba ka ba. Zanen kusan mita 3.8 ne a tsaye, 4.5 a kwance, kyaftin ɗin kamar zai tako ya fito ya same ka, a waya kuwa duk wannan kwarjinin ya tafi, kuma zuƙo yana da jaraba, sai ka ɓata awa kana kallon maɓallin riga ka manta da tsarin gaba ɗaya wanda shi ne ainihin gwanintar mutumin. Kuma ku sani abin da ake gani ba cikakke ba ne, a 1715 aka datse gefunansa don ya shiga bango a zauren majalisar birni, ɓangaren hagu ya fi shan almakashi, shi yasa yanzu kyaftin da laftanar suka dawo tsakiya. Ƙaramin kwafin da Gerrit Lundens ya yi shi ke nuna yadda yake da, ku nemo shi ku ajiye gefe guda.

Data kam yana ci, in netwok ɗinka na rarrafe za ka ji a jikinka, bayanan kuma da Turanci ne da Holanci. Ni dai na ba shi huɗu da rabi cikin biyar, a kwamfuta za ku buɗe ba waya ba, ku fara kallon shi duka na ɗan lokaci kafin ku taɓa zuƙo.