Mako takwas ƙanena yana jinyar jeka-ka-dawo

Ƙanena ya fara shan Adderall, wata ƙwaya mai ɗauke da amfetamin (sinadari mai ƙara kuzari da hana barci), da takardar likita ne, yana jami'a a nan Amurka. Kafin mu ankara ƙwayoyin wata guda sun koma na kwana goma, ya rame, sai ya yi kwana biyu bai runtsa ba. Na so a kwantar da shi, amma aikinsa zai salwanta. Sai muka zaɓi tsarin jeka-ka-dawo na wani asibiti kusa da mu: kwana uku a mako, awa uku da yamma, ya dawo gida ya kwana.

Tun ranar farko ma'aikaciyar ta gaya mana gaskiya: har yanzu hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ba ta amince da wani magani na jarabar amfetamin ba. Abin da ake yi shi ne zaman tattaunawa da gwajin fitsari, kuma duk ranar da fitsarin ya fito tas sai a ba shi ɗan katin sayayya. Da farko na raina katin nan, wallahi, sai da na ga ya adana shi a walat yana ta dubawa.

Makon farko mun sha wuya. Barci da ci kawai, tuwo malmala uku a zama ɗaya, ga baƙin rai. Sun ja kunnena kada in bar shi shi kaɗai.

Abin da ya ɓata min rai, sau biyu suka canja masa mai ba da shawara, dole ya sake zayyano labarinsa tun daga tushe. Kuma gidan da babu mai sa ido da dare, ban ga yadda tsarin nan zai wadatar ba.